Wa Ke Riƙe da Makulli? Fashin Baƙi Kan Ayyukan Musamman da Ke Neman Ikon Admin a Windows Installer

Wata Laraba bayan azahar wani ƙanena a sana'a ya kira ni daga wani ofis a Garki, murya duk ta sauya. Wata huɗu ya yi yana rubuta musu manhajar lissafin albashi, ya ɗaure ta a ƙunshin MSI, ya zo girkawa a kwamfutar Hajiyar da ke riƙe da sashen kuɗi. Koren layin nan ya tafi har ya kusa kai ƙarshe, sai ya tsaya, ya fara komawa baya kamar motar da birki ya tsinke mata a kan hawa, ya kwashe duk abin da ya ajiye.

"Yaya, wallahi a kwamfutata yana tafiya lafiya lau. Na gwada ya fi sau goma."

"Ta ina kake kunna shi a taka?"

"Ta cmd mana, baƙar tagar buga umarnin nan."

"Wadda ka buɗe a matsayin admin?"

Ya yi shiru. A wannan shirun aka gama rabin binciken, amma sauran rabin sai da ya ci mana kwana biyu, kuma shi ne abin da nake so in warware a nan.

Abu na farko da mutane da yawa ba su lura da shi ba: fayil ɗin MSI ba manhaja ba ce mai gudu da kanta. Rumbun bayanai ne mai tebura, wannan tebur na fayiloli, wancan na rajista (inda Windows ke ajiye saitinta), wancan na jerin ayyuka. Mai karanta teburan ya aiwatar shi ne msiexec.exe, wato Windows Installer, wanda Microsoft ta fito da shi tare da Office 2000 a shekarar 1999. Idan mai haɗa ƙunshin yana son wani abu da teburan ba su tanada ba, sai ya rubuta ɗan aikinsa na kansa, DLL ko EXE (fayiloli masu ɗauke da shirin kwamfuta) ko ɗan rubutun umarni, ya shigar da shi a teburin CustomAction. Shi ne nake kira aikin musamman. A zamanin Windows XP kusan kowa admin ne a kwamfutarsa, don haka ko an rubuta aikin musamman a karkace, yana wucewa ba wanda ya sani. Da Windows Vista ta zo a 2007 da tsarin UAC, sai ya zama ko admin kansa katin shaida biyu gare shi: na yau da kullum wanda ba ya buɗe ƙofar Program Files ko sashen HKLM na rajista, wanda ya shafi kwamfutar gaba ɗaya, don rubutu, da kuma babban katin da sai ya danna amincewa a tagar nan mai dusashe allo kafin a miƙa masa. Tun daga lokacin asirin ƙunshi da yawa ya tonu, kuma har yau sababbin masu rubutu suna faɗawa rami ɗaya.

Duk wanda ya taɓa neman kaya a sito na wata ma'aikata a Abuja ya san yadda abin yake. Akwai akawu a gaba, shi ke tambayarka me kake so, ya duba fayil, ya cika takarda. Akawun ba shi da makulli. Takardar ce za ta tafi wurin mai sito, shi kuma ba ya tambayar kowa komai, abin da ke rubuce kawai zai fitar. Haka Windows Installer yake aiki. Zagaye na farko na akawu ne: tagogin tambaya da ke cikin InstallUISequence, sannan bin jerin InstallExecuteSequence daga sama zuwa ƙasa, ana lissafi ana rubuta takardar umarni. Duk aikin musamman da ya gudu a wannan zagayen, wanda zan kira aikin nan-take, da ƙaramin katin wanda ya danna ƙunshin yake gudu. Zagaye na biyu na mai sito ne, sabis ɗin Windows Installer da ke zaune a asusun LocalSystem, asusun da kusan babu ƙofar da ba ya buɗewa a cikin kwamfutar. Shi ke ɗaukar takardar ya aiwatar da ita layi bayan layi. Aikin da aka rubuta a takardar don ya jira wannan zagayen shi ne aikin jinkiri.

Inda gizo ke saƙar shi ne nan. Mutum ya ga tagar UAC ta fito, ya danna amincewa, sai ya ɗauka daga nan komai na ƙunshin ya samu iko. Ba haka ba ne. Amincewar izini ce ga mai sito ya yi aiki da makullansa, ba ta mai da akawu mai sito ba. Aikin nan-take yana nan da ƙaramin katinsa ko bayan ka danna. Kuma ko aikin jinkirin ma, idan ba ka faɗa ba, mai sito zai ajiye makullansa ya rataya katin mai nema kafin ya gudanar da shi, domin haka tsarin yake tun asali. Sharaɗi biyu ne ke nan, kuma sai sun haɗu: aikin ya zama na jinkiri, sannan a hana shi aron katin mai amfani. A WiX, kayan haɗa MSI da Rob Mensching ya jagoranta kuma Microsoft ta sake shi ga jama'a a 2004, ana rubuta su haka:

Execute="deferred" Impersonate="no"

Idan ba ka da tushen ƙunshin, wani ne ya ba ka MSI kawai, buɗe shi da Orca, ƙaramin kayan aikin da ke zuwa cikin Windows SDK, ka duba lambar da ke ginshiƙin Type. Lambar tari ce na ƙananan lambobi. Jinkiri 1024 ne, hana aron kati 2048, jimla 3072. DLL da ke ajiye a teburin Binary lambarsa 1, don haka wanda aka saita daidai zai nuna 3073. Ka ga 1025, na jinkiri ne amma da katin mai amfani. Ka ga 1 tsurarsa, akawu ne ake nema ya fasa sito. Ka ga 2049, wani ne ya ji rabin labari: ya hana aron kati amma bai jinkirta ba, kuma 2048 ba ta yin komai idan babu 1024. Gwajin ingancin ƙunshi mai suna ICE68 yana gargaɗi a kan wannan kuskuren, sai dai yawancinmu mukan wuce gargaɗi ba mu karanta ba muddin ƙunshin ya haɗu. Na ƙanena 18 muka tarar, wato EXE da aka girka tare da manhajar, yana gudu nan-take bayan an ajiye fayilolin manhajar, yana ƙoƙarin rubuta fayil ɗin saiti a cikin Program Files. A tagar cmd ta admin, akawun ma babban kati yake gada, shi ya sa a kwamfutarsa bai taɓa ganin matsalar ba.

Wurin zaman aikin a cikin jeri ma yana da doka. Takardar umarni ana buɗe ta a InstallInitialize, a rufe ta a InstallFinalize. Aikin jinkiri da ya faɗo wajen waɗannan biyun zai jawo kuskure mai lamba 2762, ma'ana ana so a yi rubutu alhali ba a buɗe takarda ba. ICE77 na kama wannan tun kafin ƙunshin ya bar hannunka. In kuma aikin yana buƙatar fayil da ƙunshin ne zai ajiye, dole ya zo bayan InstallFiles, matakin ajiye fayiloli.

Ban taɓa ganin an gyara irin wannan matsala da kallon saƙon da ke allo ba. Lambar 1603 da kowa ke ɗaukar hotonta ya turo ta WhatsApp ba ta faɗin komai illa "abu ya lalace". Kundin aiki ake nema:

msiexec /i manhaja.msi /l*v kundi.txt

Amma a kula, a buga wannan a tagar cmd ta talaka, ba ta admin ba, in ba haka ba ka ɓoye ciwon da ka zo nema. Kundin yakan kai dubban layuka, kada ka fara daga ƙasa, domin ƙasan cike yake da labarin warwara da jerin gurabun bayani. Nemi wuri na farko da aka rubuta "Return value 3". Lamba 1 nasara ce, 2 mai amfani ne ya soke, 3 faɗuwa. Daga nan sai ka hau sama a hankali, layi ashirin ko talatin, a nan gawar take. Za ka ga 1722 idan EXE ya gudu amma ya dawo da lambar gazawa, 1721 idan ma bai tashi ba, 1723 idan DLL ne, 1720 idan rubutun umarni ne. Lamba 5 a kusa da su tana nufin an hana shiga. Lamba 740 kuwa tana nufin EXE ɗin da kansa ya ce ba ya tashi sai da ikon admin, kuma wanda ya kira shi ba shi da shi.

Akwai wata yaudara a kundin da takan ɓatar da sabon shiga. Aikin jinkiri yana bayyana sau biyu. Karo na farko za ka ga sunansa da "Return value 1", ka ce ai ya yi nasara. Ina! Akawu ne kawai ya yi nasarar rubuta shi a takarda. Ainihin gudunsa yana can ƙasa, a layin da ke ɗauke da CustomActionSchedule, inda za ka ga ActionType da lambar nan da muka yi lissafi, kuma idan ya faɗi, InstallFinalize ne ko InstallExecute zai ɗauki laifin. Farkon layuka ma na taimakawa: mai ƙaramin harafin c na ɓangaren mai amfani ne, mai harafin s na sabis ne.

Muka gyara lambar ta koma 3090, muka mai da aikin cikin takarda. Ya wuce ba kuskure. Ƙanena har ya fara godiya, sai Hajiya ta buɗe manhajar, manhajar ta ce ba ta ga saba ba, wato babbar kwamfutar da take haɗawa da ita. Muka duba fayil ɗin saiti, wurin sunan saba fayau. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Dalilin yana cikin misalin nan na sito. Mai sito ba ya ganin fayil ɗin da ke gaban akawu. Duk gurabun bayanin da aka cika a zagayen farko, folda da aka zaɓa, sunan saba, lambar lasisi, aikin jinkiri ba ya iya karanta su. Abin da yake gani kaɗan ne: ProductCode (lambar shaidar manhajar), UserSID (lambar shaidar mai amfani), da gurbi ɗaya mai suna CustomActionData. Idan aikin DLL ne, hanyar ita ce ka sa wani ƙaramin aikin nan-take, mai lamba 51, ya gabace shi, ya cika gurbin da sunansa ya yi daidai da sunan aikin jinkirin harafi da harafi. Abin da aka zuba a nan shi zai iso a matsayin CustomActionData. Ka kuskure harafi ɗaya, babba a wurin ƙarami, ba wanda zai yi maka ƙorafi, fanko kawai zai iso. Idan EXE ne, ana iya miƙa masa bayanin a layin umarninsa, domin ana cike layin tun lokacin rubuta takarda.

Namu ma haka aka yi, amma duk da haka fanko ya iso, kuma a nan ne wata ƙofa ta biyu ta bayyana. Bayani da aka shigar a tagogin tambaya ba ya tsallakawa zuwa ɓangaren sabis sai sunan gurbinsa duka manyan haruffa ne. Shi kuwa ya rubuta nasa da gauraye. Ko da manyan haruffan, a kwamfutar da mai amfani ba admin ba ne, sai an lissafa gurbin a cikin SecureCustomProperties, abin da WiX ke yi maka idan ka rubuta Secure="yes". In ba haka ba za ka tarar da layin "Ignoring disallowed property" a kundi. Ga kuma tunatarwa da ba na so in wuce: idan kalmar sirri ce kake miƙawa ta wannan hanya, za ta fito ɓaro-ɓaro a kundin da ake yawo da shi a waya. Ƙara 8192 a lambar aikin, wato HideTarget, da sa gurbin cikin MsiHiddenProperties, shi ke rufe ta.

To, an ba aiki makulli. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne LocalSystem baƙo ne a gidan mai amfani. Ba Hajiya ba ce da ƙarin iko, wani mutum ne daban. Idan ya rubuta a HKCU, sashen rajista na mai amfani, ba rajistar Hajiya ya taɓa ba, tasa ya taɓa. Idan ya nemi AppData, za a kai shi can ƙarƙashin C:\Windows\System32\config\systemprofile. Faifan Z: da kowa a ofishin ke gani a matsayin foldar da aka raba, shi bai san da shi ba, domin irin wannan harafin na zaman mai amfani ne. Ko ka ba shi cikakken adireshin foldar a saba, da sunan kwamfutar zai ƙwanƙwasa, ba da sunan mutum ba, kuma sau da yawa ba a ba kwamfutar izini ba. Haka idan aikin yana haɗawa da SQL Server ta hanyar shaidar Windows: sarki ne a kwamfutarsa, talaka a ta maƙwabci. A ganina duk abin da ya shafi mai amfani shi kaɗai bai kamata ya shiga aikin girkawa ba sam. A bar manhajar ta yi shi da kanta ranar da mutum ya fara buɗe ta. Wannan kaɗai yana kashe matsaloli da yawa, har da ta ofis inda mutum uku ke karɓa-karɓa a kwamfuta ɗaya.

A taƙaice zan taɓa biyu. Aikin da aka haɗa a matsayin 32-bit, a Windows mai 64-bit, ana karkatar da rubutunsa zuwa WOW6432Node a rajista, sai ka yi ta nema a inda ba ya nan. Aikin da ke fito da tagar tambaya kuma, ranar da aka tura ƙunshin ta Intune ko Configuration Manager, kayan tura manhaja zuwa kwamfutocin ma'aikata daga nesa, tagar za ta buɗe a inda babu idon da zai gan ta, girkawar ta tsaya cak tana jiran dannawar da ba za ta zo ba.

Sai batun warwara, wanda mu da muke zaune da ɗaukewar wuta ya fi shafa. Dalilin da ya sa Windows Installer ya raba aiki biyu tun farko shi ne don ya iya komawa baya. Duk abin da mai sito ya canja, yana ajiye yadda za a mayar da shi a ɓoyayyiyar foldar Config.Msi. Amma wannan na ayyukansa ne na asali. Naka na musamman bai san abin da ya yi ba, kai ne za ka rubuta masa abokin tafiya, aikin warwara, ka sa shi a jeri kafin aikin da zai warware. Lambarsa 1024 da 256, sannan 2048 idan shi ma yana buƙatar makulli, kuma kusan kullum yana buƙata. Wanda ya ƙirƙiri asusu ko ya buɗe ƙofa a katangar tsaro ba tare da wannan ba, idan girkawa ta faɗi a gaba, ya bar wa mutane shara a kwamfuta.

Yanzu hanyoyin gaggawa, waɗanda na san za a ba ka shawararsu kafin ka fita daga kasuwar kwamfuta ta Banex. Na farko, a kashe UAC. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, ka raunata kwamfutar gaba ɗaya don ɓoye kuskuren layi ɗaya. Na biyu ya fi muni: a kunna manufar AlwaysInstallElevated a HKLM da HKCU. Da zarar an yi haka, kowane mai asusu, har ɗan hidimar ƙasa da ya zo jiya, zai iya haɗa MSI nasa ya gudanar da abin da ya ga dama da ikon LocalSystem. An ba kura ajiyar nama. Microsoft da kanta tana gargaɗi a kai, kuma yana cikin abubuwan farko da masu gwajin kutse ke dubawa. Na uku yana da ɗan mutunci: a naɗe MSI cikin setup.exe mai neman ikon admin tun daga farko. Yana aiki ranar girkawa, ban musa ba. Amma gyara da cirewa sau da yawa kai tsaye suke bi ta msiexec ba ta setup.exe ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Shi kansa ikon da aka samu ta halastacciyar hanya amana ce. Aikin da ke gudu da LocalSystem kada ya ɗauki fayil daga foldar da mai amfani ke iya rubutu a ciki, irin su Temp ko Downloads, domin ana iya musanya fayil ɗin kafin ya kai gare shi. Kada kuma ya buɗe baƙar tagar umarni a gaban mai amfani. Masu binciken tsaro sun nuna yadda mai ƙaramin asusu zai tayar da gyaran wata manhaja da aka riga aka girka, ya cafke irin wannan tagar, ya bi ta cikinta ya zama LocalSystem. A watan Satumba na 2024 Microsoft ta toshe wata ɓaraka irin wannan mai lamba CVE-2024-38014. A WiX, WixQuietExec yana gudanar da umarni ba tare da taga ba, kuma yana zuba abin da umarnin ya faɗa a cikin kundi, riba biyu ke nan.

Da na zauna da ƙunshin ƙanena a dare na biyu, ayyukan musamman bakwai na ƙirga. Huɗu ba su da dalilin zama. Girka sabis akwai teburan ServiceInstall da ServiceControl. Rubutu a rajista akwai teburin Registry. Izinin folda akwai MsiLockPermissionsEx tun Windows Installer 5.0 da ya zo da Windows 7 a 2009. Gyaran fayil ɗin XML da buɗe katangar tsaro, WiX na da nasa kayan da aka daɗe ana gwadawa, da warwararsu a haɗe. Duk waɗannan suna gudu da ikon da ya dace ba tare da ka ce uffan ba. Muka share huɗun, saura uku.

Gwaji kuwa ba a kwamfutar mai rubutu ake yin sa ba. Kwamfutar kwaikwayo ake tayarwa a Hyper-V ko VirtualBox, Windows sabuwa fil, a ɗauki hoton yanayinta don a riƙa komawa. A gwada da danna sau biyu a asusun admin, a gwada a asusun talaka inda za a nemi kalmar sirrin admin, a gwada da /qn, wanda ke tsallake InstallUISequence gaba ɗaya ya tona duk aikin da aka ɓoye a can. Sannan a ɗauko PsExec na Sysinternals a buga psexec -i -s cmd.exe, a samu taga ta LocalSystem, a girka daga ciki. Idan har yanzu ba a ga ƙofar da aka rufe ba, Process Monitor zai nuna ta, a tace sakamakonsa a bar ACCESS DENIED kaɗai. Ni kan sa kowane aikin musamman ya fara da rubuta sunan asusun da yake gudu da shi a kundi, domin wannan layin ɗaya ya sha raba gardama.

Mun ɗauka an gama, sai ranar Juma'a da safe ya sake kira.

"Yaya, tsohon da na sa a kwamfutar ƙarshe ya ƙi fita. Sabon kuma ya ƙi shiga sai an cire shi."

Wata kwamfuta ce da ya girka wa sigar farko ta tagar admin. Aikin musamman ɗin ba shi da sharaɗi, don haka yana gudu har a lokacin cirewa, yana neman EXE da aka riga aka goge, ya faɗi, cirewar ta warware kanta. Sharaɗin NOT Installed da ya hana wannan tun farko, ko NOT REMOVE="ALL" idan ana so ya gudu a lokacin gyara ma. Kuma gyara ƙunshin da ke hannunka ba ya isa, domin Windows tana cirewa ne da kwafin da ta ajiye a C:\Windows\Installer, mai ɗauke da tsohon kuskuren. Na ce masa kada ya kuskura ya shiga foldar nan da hannu. Ya koma kan tushen tsohuwar sigar, ya ƙara sharaɗin, ya haɗa ta da ProductCode ɗinta na da da sunan fayil iri ɗaya, sannan ya buga msiexec /fv da sunan gyararren ƙunshin, wanda ke maye gurbin kwafin da aka ajiye. Bayan haka cirewa ta wuce, sabon ya shiga, ya samu sallar Juma'a a Area 1.